Babban Allo Ba Ya Hana Hoto Lalacewa

Akwai wani saurayi a Treichville, ɗan asalin Maraɗi amma haifaffen Abijan, wanda ke cin abinci da ɗaukar hoton biki da suna. Ran nan ya ƙetare gadar Houphouët-Boigny ya tafi Adjamé, kasuwar nan da ake kira Black Market, don ya sayo batir. Ya dawo ba shi da sukuni. Ya ce da ni, “Kawu, na ga wata kyamara mai babban allo, ta hannu ce amma tana da kyau. In na sayar da tawa, na haɗa da kwasar adashina, zan iya ɗaukarta.” Adashin nan kuwa tun bara yake zuba shi don kayan lefe. Na ce masa ya dakata, kuma ga hujjata.

Bari mu fara da fahimtar abin da ake ciniki a kansa. A cikin kowace kyamarar zamani akwai ɗan allon da ke karɓar haske, wanda masu sana'a ke kira sensa. Babban allo yana da tsawon milimita 36 da faɗin 24, girman da aka gada daga fim ɗin da kyamarar Leica ta yi tashe da shi tun 1925. Ƙaramin allo kuwa, a kyamarorin Nikon da Sony, kimanin milimita 23.5 ne da 15.6, na Canon ma bai kai haka ba. Ke nan babban ya ninka ƙaramin fiye da sau biyu wajen fili. Tun da Canon ta fito da EOS 5D a 2005, Nikon ta biyo da D3 a 2007, Sony kuma ta kawo A7 a 2013, babban allo ya zama burin duk matashin da ya rataya kyamara a wuya.

Ba zan ɓoye amfaninsa ba. Allon da ya fi faɗi ya fi tara haske, saboda haka a ɗakin biki mai duhu hotonsa ya fi fita da tsabta, ba ya yin yawan ɗigo-ɗigo. Yana kuma ɗibar fili da yawa. Gilashi mai lamba 50 da aka ɗora wa ƙaramin allon Nikon yakan matso da abu kamar mai lamba 75, a na Canon kuma kamar 80. Wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗa dangin ango gaba ɗaya a tsakar gidan haya na Treichville, inda bango ke bayansa rijiya ko famfo ke gefensa, ya san darajar kowane taku guda. Ga kuma yadda yake dusar da bayan amarya ta fito ita kaɗai tangaram.

To amma kyamara ba jikinta kaɗai ba ce. Gilasan da saurayin nan ya tara an ƙera su ne don ƙaramin allo. Irin na Canon masu alamar EF-S ba sa hawa kan 5D da 'yan uwanta ko kaɗan. Na Nikon masu alamar DX suna hawa, sai dai kyamarar ta yanke gefen hoton ta koma aiki da tsakiyar allon kawai, ka ga an sayi doki an koma tafiya a ƙasa. Ashe kuɗin da ya gani a Adjamé kuɗin shiga ne. Bayansa akwai na sababbin gilasai, waɗanda suka fi tsada suka fi nauyi, ga mutumin da zai wuni a tsaye daga ɗaurin aure har kai amarya.

Dusar da baya ɗin ma takobi ce mai kaifi biyu. Hoton da iyalai suka fi biya shi ne na taro: sahu uku, dattawa a gaba, yara a ƙasa. A nan so ake kowa ya fito sarai, don haka dole a tsuke bakin gilashi a kunna fitila, fifikon babban allo kuwa ya ragu ƙwarai. Sa'an nan ina hotunan suke ƙarewa? Yawancinsu a WhatsApp, wanda ke matse su kafin su isa Maraɗi ko Kano. Kaka ba za ta tambayi girman sensa ba. Abin da za ta duba shi ne ko fuskar jikarta ta fito.

Mu tuna da Malick Sidibé na Bamako. Ya fara da ƙaramar Brownie Flash a 1956, ya yi ta bin samari da 'yan mata wuraren rawa da dare, fitilarsa a hannu. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice. Abin da ya kai shi can sanin haske ne da sanin lokacin da za a danna, da kuma yadda mutane ke sakin jiki a gabansa.

Shawarar da na ba ɗan nawa ita ce ya sayi gilashi guda mai buɗaɗɗen baki, irin mai lamba 35 ko 50, da fitila ta ƙwarai, ya koyi jefa haskenta a rufin ɗaki maimakon ya watsa shi a idon mutane. Ya tanadi akwati mai hana danshi, domin iskar bakin teku ta Abijan tana sa gilashi funfuna. Duka wannan bai kai abin da zai zuba a waccan kyamara ba, kuma lefensa yana nan.

Ranar sauya kyamara za ta zo. Alamarta ita ce ya iya nuna aikin da ya kuɓuce masa saboda duhu ko ƙuncin wuri, ba sau ɗaya ba, kuma kuɗin ya fito daga ribar sana'ar. In ranar ta zo, ya koma Adjamé da wanda ya san kaya, a duba sau nawa kyamarar ta taɓa ɗaukar hoto, a haska gilashinta da tocila, a gwada ta a cikin shago kafin kuɗi ya bar aljihu.