Tiyatar Rage Ƙiba: Lalura Ko Ado?

Jama'a, ƙiba idan ta wuce kima cuta ce, domin tana jawo ciwon sukari da hawan jini. A Amurka, wanda likita ya ce a rage masa tumbi sai ya sami amincewar kamfanin inshora tukuna, in ba haka ba kuɗin aikin ya hau kansa.

Kamfanoni da yawa ma'aunin 1991 suke bi, wato awon nauyi bisa tsawo ya kai 40, ko 35 tare da wata cuta. Wasu kan shardanta watanni 3 zuwa 6 na kame baki a hannun likita. Wanda aka hana yana iya ɗaukaka ƙara.

Abin lura, tambayar kamfani ita ce ta malamai: lalura ce ko ado? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta rage nauyi da tiyata idan ya zama cuta, babu wata hanya, kuma ba a tsoron cutuwa.

Saboda haka mai nema ya adana takardun asibiti, ya faɗi gaskiya, kada ya ƙara ƙiba da gangan don cika ma'auni. Allah Ya ba mu lafiya, amin.