Ciwon Caca Ba Ya Warkewa Sai An Zaunar Da Miji Da Mata Tare



Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da gonaki, Gungawa da maƙwabtansu suka koma sababbin matsugunai, arzikin gaɓar tafkin ya rataya bisa kifi da albasa da shinkafa. Kuɗin waɗannan sana'o'i a dunƙule suke zuwa, ranar kasuwa ko bayan girbi, kuma irin wannan kuɗi shi caca ke farauta. Da can karta ce a bayan rumfa. Yau kuwa ta shiga wayar hannu da sunan cacar ƙwallo, sai masunci ya sayar da bandarsa a kasuwar Yauri, kafin ya isa gida a Wara ko Shanga aljihu ya bushe.

Hukuncinta ba ɓoyayye ba ne, yana cikin Suratul Ma'ida aya ta 90. A Nuwamban 2024 kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ikon ya koma hannun jihohi. Amma hukuma kanti take iya rufewa, ba ta iya shiga aljihun mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa jarabar caca cikin cututtuka, gama mai ita yana bin abin da ya faɗi da wata cacar, yana ƙarya domin rufe bashi.

Kuskuren da aka saba yi shi ne a raba su: a yi wa miji wa'azi a zaure, a ce wa mata ta yi haƙuri a cikin gida. Alhali kuwa ita ce ta fara ganin an ɗaga injin jirgi, taru ya tafi jingina, kuɗin adashenta ya salwanta. Sau da yawa ita ke biyan bashin a ɓoye don rufin asiri, ba ta san share masa hanyar komawa take yi ba. Masana a lardin Kwibek na ƙasar Kanada sun gwada yi wa ɗan caca magani shi kaɗai, da kuma tare da iyalinsa, suka tarar na taren ya fi amfani.

Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan hanya. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata, malaman Malikiyya kuma sun yi bayanin hajaru, watau tsare dukiyar mai almubazzaranci. Saboda haka masu sulhu su zaunar da su tare. Miji ya faɗi bashinsa duka, kada ya rage ko sisi. A fitar da abincin gida da kuɗin makaranta tun kafin ciniki ya shiga hannunsa, saura a damƙa wa amini. Mata ta daina biya masa, ta kuma daina gori. A riƙa komawa zaman kowane mako, domin tuba ɗaya ba ta tumɓuke jaraba.

Wani zai ce abin kunya ne namiji ya buɗe lissafinsa gaban matarsa. To, wace kunya ta fi, wannan ko ranar da masu bin bashi za su yi sallama gaban 'ya'yansa? Amma fa in da duka ko barazana, ba a tilasta mata zama, ƙofar alƙali a buɗe take, dukiyarta kuma tata ce.

Fatake su ma da nasu rabo: kada dillalin da ya san halin mutum ya ba shi kuɗin kifin da bai kama ba tukuna. Malamai kuwa su buɗe zaurensu ga mata kamar yadda suka buɗe ga maza.

Allah Ya sa a gane. Haza wassalam.