A Bar 'Yan Matan Gaya Su Ɗaga Ƙarfe

Duk wanda ya leƙa tarihin Kano ya san labarin Abagayawa, watau maƙeran nan da aka ce daga Gaya suka taso suka sauka gindin Dala suna neman tama, tun kafin zuwan Bagauda. Ashe ke nan ƙasar Gaya da ƙarfe sun daɗe da sanin juna. Amma a yau idan yarinya 'yar Gaya ko Ajingi ta buɗe baki ta ce tana sha'awar wasan ɗaga ƙarfe, sai a zuba mata ido kamar wadda iska ta taɓa, wasu su ce kunya ce ta fita daga idonta, wasu su ce boko ne ya juya mata kai. Ni kuwa ina ganin kafin mu yanke mata hukunci ya kamata mu san abin da muke hanawa, domin wasanni biyu ne aka cakuɗa wuri guda.

Na farko shi ne gasar gina jiki, inda mutum zai shekara yana tara tsoka, ranar gasa ya shafe jiki da mai, ya hau dandamali da ɗan ƙyalle, alƙalai su dube shi su ba da maki. Babbar gasar mata a wannan fanni, Ms. Olympia, an fara ta a Amurka a 1980, Rachel McLish ce ta fara cinye ta. Wannan kam ba zan goyi bayan a kawo mana ita ba, kuma dalilina bai tsaya ga tsiraici kaɗai ba, ko da yake shi ma ya isa. Wasa ne wanda idon alƙali ke mulki a cikinsa, ido kuwa yau yana son wannan, gobe yana son wancan. A ƙarshen 2004 masu shirya gasar suka nemi matan da su rage tsokarsu da kashi 20 cikin ɗari, wai sun faye kama da maza. Iris Kyle ta ci kambun har sau 10, amma bayan nasararta ta 2014 sai aka soke gasar ɗungum, ba a dawo da ita ba sai a 2020. Ku dubi wannan wulaƙanci: mace ta ƙarar da ƙuruciyarta tana gina abin da aka ce ta gina, rana tsaka a ce ya yi yawa. Ga kuma ƙishirwa da yunwar da suke ɗora wa kansu gab da gasa don jijiyoyi su fito, ga ƙwayoyin ƙara tsoka da wasunsu ke sha, masu kaurara murya, su tsiro da gemu, su rikita al'ada, su lalata hanta da zuciya. Kada dai mu yi saurin yi wa Turawa dariya, don mu ma ga 'yan'uwanmu mata nan suna haɗiyar sha-ka-fashe domin su yi ƙiba su burge ido. Cutar ɗaya ce, tufafinta ne daban.

Na biyu shi ne ɗaga ƙarfe. A nan ba ruwan kowa da kyan fuska ko surar jiki. An auna ƙarfe, an ajiye a gabanki, ko dai ki ɗaga shi sama da kai ko ki kasa. Sikeli ba ya cin hanci, ba ya kuma sanin 'yar wane ce. A wannan fage matan Nijeriya sun fitar da mu kunya sau da yawa. A Sidni, shekarar 2000, lokacin da aka fara barin mata su yi wannan wasa a gasar Olamfik, Ruth Ogbeifo ta kawo lambar azurfa. Maryam Usman ta ci zinariya a wasannin ƙasashe renon Ingila a Gilasgo a 2014, daga baya kuma aka ba ta tagullar Beijin ta 2008 bayan an gano cewa wasu daga cikin waɗanda suka sha gabanta ƙwaya suka sha. A wasannin naƙasassu na Faris a 2024, Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 daga ƙirjinta, nauyin da ya zarce buhun siminti uku.

Na san abin da mai karatu zai ce: to, sutura fa? Tambaya ce mai nauyi, kuma wata baiwar Allah ta riga mu fuskantarta. Kulsoom Abdullah, 'yar asalin Pakistan mazauniyar Atlanta a Amurka, mai digirin digirgir a fannin injiniya, ta cancanci shiga gasar ƙasa a 2010, amma aka ce ba za ta shiga ba sai ta bar gwiwar hannu da ta ƙafa a buɗe, domin alƙalai su ga ko ta miƙe su sosai. Ba ta tuɓe ba, ba ta kuma koma gida ta zauna ba. Ta bi maganar har gaban hukumar wasan ta duniya, a 2011 aka sauya dokar, aka yarda da rigar da ke rufe jiki duka tare da lulluɓin kai. A shekarar nan ta wakilci Pakistan a gasar duniya a Faris. Bayan shekara 5, Sara Ahmed ta Masar, tana da shekara 18, kanta a rufe, ta ɗaga jimlar kilo 255 a Riyo ta karɓi tagulla, a 2024 kuma ta ƙara da azurfa. Gaskiya ne rigar gasar tana kama jiki, kuma akwai iyaye da malamai da ba za su gamsu da ita ba. Wannan haƙƙinsu ne, ban kuwa ce kowace yarinya sai ta hau dandamalin duniya ba. Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi: ɗaki mai ƙofa, mata zalla, mai koyarwa mace, kowa ta sa abin da ta ga ya suturce ta.

Masu cewa jikin mace bai dace da ɗaukar nauyi ba, ina roƙonsu su je bakin rijiya a kowane ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi da sassafe. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, alhali sandar ƙarfen da mata ke gasa da ita kilo 15 ce kafin a jera mata faifai. Yarinyar da ba ta kai aure ba za ta ɗora jarkar nan a ka ta yi tafiya, ta dawo ta kama taɓarya ta yi surfe da daka, ta tuƙa tuwon gida guda, uwarta na can tana murza tunkuza tana matse mai. Ban taɓa jin wanda ya ce taɓarya za ta mai da ita namiji ba. Ana tuna raunin mace ne kurum ranar da ƙarfinta zai jawo mata lada da suna.

Kuma kada a ce ai aikin gida ya ishe ta motsa jiki. Wahala daban, horo daban. Kaya a ka kullum, babu hutu babu wadataccen abinci, wuya da baya yake ci, shi ya sa za ka ga mace ba ta kai 50 ba ta ranƙwafa. Horo kuwa ana ƙara nauyi ne kaɗan-kaɗan bisa ƙa'ida, a huta, a ci abin da zai gina jiki, kuma ba sai an sayo komai daga waje ba: wake da gyaɗa da nono da awara duk ga su a kasuwar Gaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowane baligi, mace ko namiji, ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Mace ma ta fi bukatarsa, saboda ƙashinta ya fi saurin yin sanyi bayan ɗaukewar al'ada, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saura mu 'yan makaranta. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ba ta rasa bakin magana idan aka zo batun kuɗin makaranta ko ruwan ɗakunan kwana, to, ta nemi hukumar jami'a ta keɓe wa mata sa'o'insu a ɗakin motsa jiki, ko da yammacin kwana biyu ne a mako, ƙofa a rufe. Ku kuma yayyenmu da kuka fara aiki a ma'aikatun ilmi da wasanni da sakatariyar ƙananan hukumomi, idan an zo rabon kayan wasa, kada komai ya ƙare a ƙwallo da rigunan samari. Sanda ɗaya da 'yan faifai a makarantar 'yan mata ta kwana, da malama guda da aka tura kwas ta koyo yadda ake ɗagawa ba tare da an ji ciwo ba, sun isa a fara. In ma kuɗin ya gagara, masu walda na nan a Gaya, a kai musu awo su ƙera.