Malamin Zane Ba Abin Rainawa Ba Ne

Iyaye da yawa a Dutse da kewayenta suna ɗaukar darasin zane wasan yara ne, har ɗalibin da ya nace masa a kan ce ya rasa abin yi. Ya kamata su dubi tarihin Bruce Onobrakpeya.

A shekarar 1957 ya shiga kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Gwanintarsa ita ce ya sassaƙa zane a kan faranti, ya shafa masa tawada, ya buga a takarda kamar hatimi, ta yadda faranti ɗaya zai ba da hotuna masu yawa. Bai raina alli ba: daga 1963 zuwa 1980 yana koyarwa a Kwalejin St Gregory ta Ikko. A gwanjon da kamfanin Arthouse ya yi a Ikko a 2008, an sayi wani aikinsa a kan fiye da naira miliyan 9.

Abin takaici, a Zariya aka horar da shi, amma a Ikko da Landan ake cinikin ayyukansa. Alhali zane ba baƙo ba ne a Jigawa. Hotunan shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu shaida ne.

Saboda haka wajibi ne Ma'aikatar Ilmi ta ɗauki ƙwararrun malaman zane, ta tanadar musu da takarda da tawada, ta kuma riƙa sayen ayyukan ɗalibai tana kafawa a ofisoshin gwamnati na Dutse.