Tsohon da ya ɓata ba mai laifi ba ne

Ina da wani kawu, yayan uwata. Shekara da shekaru ya yi yana kiwon raƙuma tsakanin Belbeji da Tanut. Babu rijiyar da bai sani ba. Da tsufa ya kama shi, sai ya fara mance sunan jikokinsa. Yakan ci tuwo, ya wanke hannu, ya ce tun jiya ba a ba shi komi ba. Mu kuwa sai dariya, muna cewa gigin tsufa ne.

Wata rana cikin bazara ya ɗauki sandarsa ya fita tun asuba. Wai za shi wurin raƙumansa, raƙuman da suka ƙare tun farin 1984. Muka yi ta nema har dare. Ashe yana can wani shinge, bakin hanyar mota. Masu kaki sun tsai da shi, sun tambaye shi takarda, bai amsa ba. Suka ɗaga murya, shi kuma ya ɗaga sanda. Sai suka zaunar da shi cikin rana, suna tsammani taurin kai ne, ko yana ɓoye wani abu. Allah ya sa wani direba ɗan garinmu ya gane shi. Ko da aka kawo shi gida, leɓunansa duk sun tsage don ƙishirwa. Kwana 3 ya yi kwance a likita.

Na yi fushi da su ƙwarai. Amma daga baya na tambayi kaina: wa ya koya musu? Mu ma da muke gida ɗaya da shi, ai ba mu gane ba.

Jama'a, wannan abu ciwo ne, ciwon ƙwaƙwalwa. Ba hauka ba ne, ba maita ba ce, ba kuma kowane tsoho yake kamawa ba. Wani likitan Jamus, Alzheimer, ya bayyana irin da ya fi yawa tun 1906. Ciwon yana fara cinye abin da aka yi ɗazu, ya bar na da. Shi ya sa kawu ya mance tuwon safe, amma bai mance raƙuma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 masu wannan ciwo sun haura miliyan 55, kuma fiye da rabinsu ba a ƙasashen masu arziki suke ba. Ke nan muna ciki.

A Japan, inda tsofaffi suke da yawa, an fara wani ɗan karatu a 2005. Awa ɗaya da rabi ne kawai. Ana koya wa ƴan sanda, da masu kanti, har da ƴan makaranta, yadda za su gane tsohon da ya ruɗe. Awa ɗaya da rabi fa! Bai kai zamanmu ɗaya na yaƙi da jahilci ba.

To, ni a ganina, irin wannan karatu ya kamata a ba jandarmomi da gardi da ƴan sanda, da masu kashe gobara, da ƴan agaji na Damargu. A haɗa da dogaran sarki da ƴan kamashon tasha, don sau da yawa su ke fara ganin baƙo.

Wani zai ce: Malam, ƙasa na fama da ɓarayi da ƴan bindiga, wa ke da lokacin tsofaffi? Gaskiya ne, aikinsu da nauyi. Amma wannan shi ne ma dalili. Yau mai kaki a tsorace yake, yatsansa kusa da kunama. Tsohon da aka ce masa "tsaya" bai tsaya ba, yana iya rasa ransa a banza. Nan kuma ba Japan ba ce. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce awo 40, tsakanin rijiya da rijiya tafiya ce mai nisa. Wanda ya ɓata ba ya da kwana biyu na jira.

Abin da za a koya musu ba shi da wuya. Mutum ɗaya ya matso ta gabansa, ba ta baya ba. Ya yi sallama, ya ce "Baba" ko "Inna", ya rage murya. A kai shi inuwa, a ba shi ruwa, kafin a tambayi takarda. Tambaya ɗaya-ɗaya, a jira amsa. In ya ce za shi wurin raƙumansa, kada a yi gardama da shi. A ce: "Baba, raƙuman wace rijiya suke sha? Wane ne maigarinku?" Ta nan ake samun sunan garinsu, don sunayen da su ne ba su saurin ɓacewa.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta shafe mu sosai a nan. Damargu ta tara Hausawa da Buzaye da Fulani da Dagira da Larabawa. Tsohuwar da ta yi shekara 40 tana ciniki da Hausa, in ciwon ya yi nisa, tana iya komawa harshen da ta sha a nono. In ba ta amsa ba, ba raini ba ne. A nemo mai jin Buzanci ko Fillanci.

Abu ɗaya kuma kada a mance. In ruɗin farat ɗaya ya zo, jiya lafiya lau, yau ba ya gane kowa, to wannan na gaggawa ne. Yana iya zama zazzaɓi, ko ƙishirwa, ko ciwon sukari, ko shanyewar ɓarin jiki. A kai shi likita nan take.

Mu ma da namu aikin, tunda yanzu mun iya riƙe alƙalami. Ɗaure tsoho a ɗaki ba magani ba ne. A sanar da maƙwabta da maigari, ba abin kunya ba ne. In ya fita ba a gan shi ba, a gaya wa hukuma tun da rana, kada a jira dare kamar yadda muka yi. Bayan abin da ya faru, na rubuta sunan kawu da sunan garinmu da lambar wayata a ƙyalle. Ƴarsa ta ɗinke shi cikin aljihun kowace rigarsa. Sau biyu aka kira ni da wannan lamba kafin Allah ya yi masa rasuwa.