Abin da Itacen Ar'ar ya Koya Mini

Da kakana ya dawo daga Hajji, cikin tsarabarsa akwai wani ƙullin ganye mai ƙamshi da ya sayo a Ɗa'ifa. Ya ce Larabawa na kiransa ar'ar. Da na kai wa malaminmu na kimiyya, sai ya ce shi ne Turawa ke kira junifa, kuma ba ya fitowa a ƙasarmu, don ya fi son duwatsu da sanyi.

Irinsa ya haura 50. Na ƙasar Turai gajere ne, ganyensa kamar allura. 'Ya'yansa ba su fi ƙwayar wake ba, amma sukan yi shekara 2 ko 3 kafin su nuna. Jamusawa na zuba su cikin kabeji mai tsami da naman daji. Kabilar Nabaho ta Amurka na cuɗa tokarsa da garin masara, kamar yadda iyayenmu ke sa kanwa a girki. Mutanen Tibet turare suke yi da shi. Wajen magani kuwa, an daɗe ana shan 'ya'yansa don kumburin ciki da saukar da fitsari.

To, ga inda gizo ke saƙar. A 1978 gwamnatin Jamus ta Yamma ta kafa kwamitin masana don tantance magungunan itatuwa. Sun yarda da junifa, amma suka ce kada busassun 'ya'yan su wuce giram 10 a rana, kuma mai juna biyu da mai ciwon ƙoda su nisance shi. Akwai ma wani ɗan'uwansa mai suna sabina, wanda guba ne.

Sau da yawa nakan ji ana cewa, "Ai ganye ne, ba ya illa." Ni ban yarda ba. Abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Mu ma muna da sabara da marke da maɗaci, amma dubi yadda ake ɗirkar jiƙo a tasha, ba awo, ba tambaya.

Ba cewa nake a watsar da na gargajiya ba. Roƙona ga iyayenmu shi ne su koya mana abin da suka gada, har da yawan da ake sha da wanda bai kamata ya sha ba. Mu kuma, 'yan'uwana ɗalibai, mu rubuta, mu yi karatun da za mu iya auna shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.