Kisa sunansa kisa, ko a Assaga ko a teburin ofis

Duk wanda ya bi titin kwalta daga garin Diffa ya nufi gabas a ƙarshen shekarar 2015, ya ga bukkokin kara da leda jere a gefen hanya. Mutanen Assaga ne, manoman bakin kogin Komadugu, waɗanda hare-haren Boko Haram suka raba da gidajensu. Da za a tambayi kowace tsohuwa a cikinsu, amsarta gajera ce: an shigo, an kashe, an gudu. Amma da labarin ya isa teburin ofis, da Faransanci ko da Ingilishi, sai ya koma "incident" da "mouvement de population", wato wai wani ɗan abu ya faru, jama'a kuma sun motsa. Ashe motsi ake kiran gudun ceton rai?

Wannan ladabin alƙalami ba a banza ake yin sa ba, yana da wanda yake karewa. A watan Fabrairun 2015, kwanaki kaɗan bayan harin farko da aka kai wa Bosso da Diffa ran 6 ga wata, jirgin sama ya jefa bam kan masu zaman makoki a Abadam, mutum fiye da 30 suka hallaka. Aka ce jirgi ne wanda ba a gane ba. Jirgin yaƙi kuwa ba shaho ba ne: yana da matuƙi, yana da filin da ya taso, yana da wanda ya ba shi umurni. Haka bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilun wannan shekara, hukuma ta umurci mazauna tsibiran tafkin Chadi su fice. A takarda an kira abin "évacuation", wato kwashe jama'a don tsirarsu. A ƙasa kuwa dubban mutane ne suka taka da ƙafa cikin zafin bazara, wasu ƙishirwa ta kashe su a hanya. Moussa Tchangari na ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, wanda ya kira abin da sunansa, tsare shi aka yi a watan Mayu.

Kalmar da ta fi kowace haɗari ita ce wadda sanarwar soja ke so, "neutralisé" a Yamai, ƴar'uwarta ta Ingilishi a Abuja da Maiduguri. Ba ta faɗin ko an kashe mutum, ko an ji masa rauni, ko an kama shi. Ba ta faɗin ko da bindiga a hannunsa ko da koma. A jahar da dokar ta-ɓaci ta hana hawa babur, ta kuma tsayar da cinikin kifi da tattasai a 2015, masunci da manomi suna iya faɗawa ƙarƙashin wannan kalma ɗaya, ba mai tambaya.

Sai dai kasuwa da tasha ma ba su kuɓuta ba. A wurin mai shayi cewa ake yi an "sheƙe" su, an "aika su lahira", ana dariya kamar ana ba da labarin dambe. Wasu kuma, don tsoro, ba sa ambaton sunan maharan, sai dai su ce "yaran nan", alhali yaran nan ne suka kwashe mata da yara fiye da 30 a Ngalewa a watan Yulin 2017, suka kuma ƙone garin Toumour a watan Disambar 2020. Maganar ofis tana wanke jini, maganar titi tana mai da shi abin raha, kuma duka biyun mamaci suke zalunta.

Ma'aikacin da ke rubuta rahoto ya sani cewa takardarsa ce alƙali zai buɗe gobe, ita ce kuma marayu za su riƙe idan sun zo neman diyya. Abin da ba a rubuta da sunan kisa ba, ba a bincikensa da sunan kisa. Bukatar ba ta da wuya: wa aka kashe, su nawa, a ina, wa ya kashe su, ko soja ne ko ɗan tawaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutanen Assaga sun rasa gona da gida. Kada a ƙara musu da ƙwace sunan abin da ya same su.